Yadda Na Raka Ƙarfen Yaya Sanda Yamai

Tun da na dawo Rabah ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na je suna a tare ni, in na je gaisuwar rasuwa a dakata sai an shafa fatiha a matso kusa a ce, "Malama Kulu, wai da gaske Nijar kunka tai neman magani?" Wasu tausayi ke sa su tambaya, wasu kuwa so suke su ji ko karayar arziki ce ta sami gidanmu har muka bar Indiya muka koma wa maƙwabta. Bakina ya gaji. Ga shi nan na zuba a takarda. Shekarun da na yi ina koyar da 'ya'yanku a firamare sun isa a ce kowane gida akwai mai karanta wa sauran.

Yayana Alhaji Umaru, wanda duk Wurno ke kira Sanda, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ya yi aikin ofishin noman rani a Goronyo tun dam ɗin yana sabo, ya yi ritaya da gona mai kyau a gindin ruwa: shinkafa da damina, albasa da tafarnuwa da rani. 'Yan shekarun baya ciwon ƙirji ya kayar da shi, 'ya'yansa suka kai shi Indiya, aka sa masa wani ɗan ƙarfe a cikin jijiyar da ke ba zuciya jini, don ya tokare ta kada ta toshe. Wani in aka yi masa haka sai ya gode wa Allah ya yi shiru. Yaya ya gode wa Allah, shirun ne dai bai samu yi ba. Ƙarfen nan ya zama sarautarsa. A majalisar ƙofar gidansa, shekarar farko kaurinsa kamar ɗan yatsa ne. Kafin a cire albasa ta biyu ya kai tiyon injin ban ruwa. In hadari ya taso sai ya shige ɗaki, wai mai ƙarfe a ƙirji ba ya wasa da tsawa.

Indiyawa sun haɗo shi da ƙwayoyi, suka ce shan su har ƙarshen rai. Ya sha har ya ji ƙarfi, sannan ya yanke wa kansa hukunci cewa mutumin da ke noma tafarnuwa buhu-buhu ba ya buƙatar maganin tsinka jini na kanti. Kullum da safe ya tauna tafarnuwa ƙwaya uku ya kora da kunu. Ko jijiya ba ta buɗe ba, hanya dai tana buɗe masa a masallaci.

Bara da rani ciwon ya dawo. In ya taka kunyar gona kaɗan sai ya tsuguna, ya yi kamar yana duba tafiyar ruwa. Masu yi masa aiki suka lura, magana ta kai kunnen babban ɗansa Aminu da ke aiki a Abuja. Aminu ya zo ya ce a ba da gonar haya, Baba ya zauna gida ya huta. Aka yi ta har maƙwabta suka ji. A ƙarshe Yaya ya kafa sharaɗi da bakinsa: a ɗauki hoton ƙarfen. In lafiya lau yake, kada wanda ya sake ambaton gonarsa. In an ga aibi, ya sallama.

Ɗaukar hoton ce ta zama aiki. Inda aka fara tura su an ce na'urar tana nan, sabuwa ma, amma ana jiran wanda zai zo daga Turai ya duba abin da ke damunta. Wani wurin kuma aka ba su lokacin da in mutum ya kai shi da rai, to dama ba shi da ciwon zuciya. Indiya ta yi nisa ga aljihun bana. Sai wani ya ba Aminu labarin wata likitar zuciya a Yamai. Da aka gaya wa Yaya sai da ya cire hula ya mayar. Mutumin da tun tasowarsa in ya ga ɗan Nijar sai ya tambaye shi lafiyar raƙuma da rairayi, yau shi za a kai can a leƙa cikin zuciyarsa. Matarsa gwiwa ta hana ta doguwar tafiya, Aminu bai samu hutu ba, sai ya kira ni ya ce, Goggo, ke kaɗai ke iya mayar masa da magana. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Na kwana Wurno muka yi sammako. Na fito na tarar ana cusa buhun albasa a bayan mota. Na tambaya, Yaya ya ce tsarabar likita ce, su ma su ɗanɗana abin kirki. Na ce masa ya tuna inda za mu. Ya ce in shiga mota.

Daga Wurno zuwa Sakkwato ta Achida babu abin faɗi, kun san hanyar kun san ramukanta, wasu ma kun girme su kaɗan ne. Daga Sakkwato muka hau ta Illela. Shingayen da muka wuce ban iya ƙirga su ba. A kowanne akwai mai kaki da ya damu ƙwarai da lafiyar direba, sai ya kira shi bayan mota sun gaisa hannu da hannu. Yaya kuwa duk wanda ya leƙo sai ya gaya masa mara lafiya ne, mai ƙarfe a zuciya. Babu wanda ya nemi gani.

Da muka tsallaka wajen Ƙonni aka sauke kaya. Ma'aikacin kwastan ɗinsu, su duwan suke cewa, ya kwance bakin buhu ya leƙa, ya kira abokin aikinsa ya leƙa, suka yi ta dariya. Ya tambayi Yaya ko ya taɓa jin sunan Galmi, garin da albasarsa ke cika manyan motoci zuwa bakin teku, ga shi nan gaba kaɗan. Ya ce tun da yake aiki a nan bai taɓa ganin wanda ya shigo wa Nijar da albasa ba, don haka bai ma san abin da doka ta ce a kai ba. Ya ɗauki guda ya jinjina, ya ce ba laifi, ƙanana ne dai. Ya ɗaure mana buhunmu.

Ba mu gama da wannan ba sai wani jandarma ya karɓi takardunmu, ya duba katin rigakafi, ya miƙo wa Yaya cikin ladabi yana cewa, mushe, ga naka. Yaya ya tsaya cak.

"Mi kac ce? Ni am mushe? Da ƙahwata niz zaka, yaro, kuma da ita za ni koma in Allah ya so."

Da ƙyar wani dattijo mai canjin kuɗi ya fahimtar da shi cewa a can kalmar girmamawa ce, kamar a ce malam ko ranka ya daɗe, har malamin makaranta haka ake kiransa. Yaya ya ce ƙasar da ake girmama mutum da sunan abin da ungulu ke ci, ai an ga inda aka zo. Amma na lura har muka shiga gari bai sake raha ba. Mai zuwa a duba masa zuciya ba ya son jin wannan kalma ko da wasa.

A tashar babbar motar Yamai ana shafa wa fasinja wata 'yar sanda mai ƙara in ta ji ƙarfe. Yaya ya gyara tsayuwa, ya gargaɗi mai sandar da babbar murya kada ya firgita, don abin da zai ji bai taɓa jin irinsa ba. Mutane suka juyo. Sanda ta bi aljihun dama ta yi kuka, makullai ne. Ta bi na hagu ta yi kuka, gwangwanin goro ne. Ta zo ƙirji ta yi tsit. Yaya ya ce a sake. Aka sake, tsit. Ya ce dama kayan Faransa ina za su gane ƙarfen Indiya.

Wani abin mamaki a can, mota ba ta jiran ta cika, lokaci take jira. Yaya ya tafi neman shayi a kan cewa ai sai an yi ta kiran saura mutum ɗaya. Na ga direba ya tayar da inji, na fita da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina amarya, na jawo shi da kofi a hannu. Kuma kowa da lambar kujerarsa, mutum ɗaya kujera ɗaya, babu mai ɗora maka ɗansa ko kazarsa a cinya. Sai na ji kamar an yi mana rowar zumunci.

Hanyar doguwa ce. Mun tsaya Dogon Dutsi aka yi salla, mun tsaya Doso aka ci abinci. Burodinsu dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, ga tauri, a tsaga shi a zuba nama da miya a ciki. Yaya ya ce wannan ba burodi ba ne, makami ne, ya cinye nasa ya karɓi rabin nawa. Daga Doso Hausa ta fara ja da baya, Zabarmanci ya karɓe, muka koma kurame masu murmushi.

Masaukinmu a Yamai gidan wata Hajiya Mariyama ne, wadda marigayi mijinta ɗan Goronyo ne mai fataucin albasa. Tana ba da ɗakuna haya ga baƙi. Mun shiga muna ɗar-ɗar kada a gane abin da ya kawo mu, sai muka tarar gidan cike da 'yan ƙasarmu: na Argungu, na Gusau, na Birnin Kabi, kowa da ledar magani a ƙarƙashin filo, kowa kuma ziyara ya zo. A tsakar gida Yaya ya yi kiciɓis da Alhaji Garba, tsohon shugabansa a ofishin noman rani. Suka rungume juna. Alhaji Garba ya ce bikin ɗiyar wani amininsa ya zo. Yaya ya ce shi ma kasuwar albasa ya zo dubawa, ga ma samfur a buhu. Albasar dai ta yi rana.

Da la'asar aka kawo dambun zogale, su da shinkafa suke yinsa, da ɗan mai kaɗan kamar ana tsoronsa. Fanka tana ta juyawa tun isowarmu ba ta tsaya ba. Yaya ya dube ta, ya ce wa Hajiya Mariyama ko ta san wutar nan daga ƙasarmu ake jawo musu ita.

"Mun sani, Alhaji, mun kuma gode," in ji ta. "Ku da kunka ba mu, Allah shi ba ku ku ma."

Washegari a asibiti, mutum na farko da muka gani a layi shi ne Alhaji Garba, riƙe da 'yar kwalbar fitsari ya lulluɓe ta da hannun riga. Yaya ya tambaye shi ko nan ake ɗaurin auren.

Likitar 'yar Dogon Dutsi ce, ba za ta girmi Aminu ba, Hausarta irin tamu. Ta saurari Yaya har ya gama, wanda wannan kaɗai ya isa a ba ta lada. Sannan ta tambayi girman ƙarfen da aka sa masa, don na'urar hoto ta fi ganin cikin mai faɗi. Yaya ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi da'ira, irin wadda ya saba nuna wa majalisa. Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wata 'yar kwalba ta ajiye gabansa. A ciki akwai wata 'yar raga ta ƙarfe, siririya, kamar 'yar murɗaɗɗiyar wayar nan da ke cikin biro. Ta ce irinsa ne a ƙirjinsa, in ya fi wannan to da kaɗan ne. Yaya ya sa tabarau ya duba, ya cire ya goge ya sake dubawa. Ni kuwa na tura mayafi a baki, amma kafaɗuna suka tona ni.

Ta tambayi magungunansa. Ya fara bayanin tafarnuwa. Nan ne na ga fuskarta ta canza. Ta ce ita ma tana son tafarnuwa, a miya.

Aka ɗebi jininsa a duba ƙoda, domin ruwan da za a ɗura masa don jijiyoyi su fito a hoto ta ƙoda yake fita. Aka ba shi ƙwayar rage gudun zuciya, saboda na'urar ba ta iya ɗaukar zuciyar da ke sauri, hoton sai ya yi dishi-dishi kamar na yaron da ya ƙi tsayawa. Aka kafa masa doka: ba shayi, ba kofi, ba goro, har sai an gama.

Ranar hoto aka ɗaura masa abin awo, zuciya tana ta sukuwa. Aka ƙara magani aka jira, ba ta sauka ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce ya buɗe baki. Haƙora ja wur. Yaya ya ce ɓari ɗaya ne, kuma a Wurno ɓari ɗaya ba a kiransa cin goro, gaisuwa ce. Aka ce mu koma sai gobe. A hanya na karɓe gwangwanin na jefa cikin jakata, na ce in yana so ya kai ƙara wajen jandarma.

Kashegari zuciya ta kwanta, har an kusa kiransa, sai Allah ya kawo Alhaji Garba ya zauna kusa da shi. Hira ta gangara kan magudanan ruwan Goronyo da suka cike da ƙasa, da wanda ya sa hannu a takardar yashe su a zamaninsu. Kowa ya ce ɗan'uwansa ne. Kafin a jima muryoyi sun tashi, lambar da ke jikin abin awo tana hawa kamar farashin taki. Ma'aikaciyar ta zo ta raba su, ta kai Alhaji Garba can ƙarshen benci fuskarsa ga bango. Na ji daɗin ganin aikina na firamare yana da daraja a ƙasar waje.

Na'urar kamar ƙaton gammo take a tsaye, fari fat, da gado siriri da ke zura mutum ciki. Tana magana, amma da Faransanci, mai sarrafa ta kuma Bazabarme ne, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Dole a gaya wa mai jinya lokacin da zai riƙe numfashi, kada ya motsa, kada ya yi magana. Sai aka shigar da ni bayan gilashi aka ba ni abin magana. Jama'a, tun ina yarinya nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan ce wa Yaya Sanda ya yi shiru ya kuma yi. Bazabarme ya ɗaga hannu, na ce, "Yaya, ja numfashi. Riƙe. Kada in ji bakinka." Ya riƙe. Da aka ce ya saki, sai da na ɗan ƙara masa kaɗan daga aljihuna.

Ya fito yana tafe a hankali, ya damƙe gaban rigar asibiti da hannu biyu, ya raɗa mini in samo masa zane, abin kunya ya faru, ga mata a wurin. Na duba, rigar a bushe take. Ashe ruwan da ake ɗurawa ne, in ya bi jiki sai mutum ya ji ɗumi ya sauka har ƙasa kamar ya saki fitsari. An gaya masa tun farko, amma lokacin yana ba ma'aikaciyar labarin Indiya. Duk da haka sai da ya sake alwala.

Da aka kira mu ganin sakamako, ga zuciyar Yaya a allo, likita tana juya ta da ɗan yatsa kamar mai zaɓen mangwaro. Jijiyoyi sun kwanta a kanta, a cikin ɗaya kuwa ga wani abu yana ƙyalli fari tas. Yaya ya buga cinya ya ce in gani da idona, ko tsatsa babu, a kira Aminu. Likita ta ce ya dakata. Ta ce ƙyallin nan shi ne matsalar: ƙarfe a irin wannan hoto yana haske ya fi girmansa, kamar fitilar mota da ke hana ka ganin direba. Abin da take nema shi ne hanyar jinin da ke tsakiyarsa. Ta ƙara girman hoton ta nuna mana wata inuwa a ciki, inda ya kamata a ga haske. Ta ce tana zaton nama ya tsiro ya rage hanyar, amma wannan hoton ba zai iya rantsuwa ba. Sai an zura siririyar roba ta jijiyar wuyan hannu har zuciya, a fesa ruwan a bakin wurin, a ga tafiyarsa ido da ido.

Ranar nan Yaya bai taɓa abincin rana ba. Ya zauna a inuwar dalbejiyar gidan Hajiya Mariyama yana kallon hannunsa. Na kawo masa fura ya ce in ajiye. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kulu, ba yankan nika tsoro ba. In gonag ga ta tahi, mi za ni tashi in yi da sahe?"

Na nemi abin tsokana na rasa. Na ce ya sha furar.

Aiki na biyu ba a bar ni na shiga ba. Idonsa biyu aka yi, hannun kawai aka kashe. Na zauna a benci ina jan carbi ina ɓata lissafi, Alhaji Garba ya zo ya zauna nesa kaɗan, shi ma bakinsa yana motsi. Da aka gama likita ta kira ni ta nuna mini hoton, wannan mai motsi ne. Baƙin ruwa yana fita ya bazu cikin jijiyoyi kamar saiwar bishiya, sai ya zo daidai ƙarfen ya tsuke kamar ƙugun kalangu, ya wuce da ƙyar. Ta nuna na biyu, bayan ta zura wani ɗan balan-balan mai magani ta hura shi a wurin: ruwan ya wuce sumul, kauri ɗaya daga sama har ƙasa. Ban san ina riƙe da hannunta ba sai da ta zare shi a hankali.

Da Yaya ya dawo hayyacinsa ta zauna bakin gado ta yi masa magana ba sakaye. Ta ce tsiron naman yana iya samun ko mai shan magani, wannan ba ta ɗora masa. Amma barin ƙwayoyin nan, da jini ya daskare a kan ƙarfen rana ɗaya, da ko Achida ba a kai da shi ba. Yaya ya yi ƙasa da kai ya tambayi gona. Ta ce wa ya ce ya bari? Zaman gida ba magani ba ne, ya riƙa zuwa yana takawa, amma ba ɗaukar injin ban ruwa, ba kama fartanya, ba faɗa da ma'aikata cikin rana, kuma ya dawo a sake dubawa. Aka kira Aminu a waya. Yaya ya ce likita ta ce gona dole. Aminu ya ce ai an ga aibi, sharaɗi ya cika. Har yau kowannensu yana ganin shi ya ci. Gonar dai tana hannun Yaya, injin kuma Aminu ya sa an ɗaure shi da sarƙa a kan amalanke.

Muna shirin sallama likita ta tambayi abin da ya yi ajalin iyayenmu. Na ce Baba ya dawo daga Juma'a ya zauna cire takalmi, shi ke nan. Ta ce sauran 'yan'uwa fa? Na ce ƙanenmu Sani ya faɗi a gona da ƙuruciyarsa, aka ce iska ce, yayarmu kuma ta kwanta da ciwon kafaɗa ba ta tashi ba. Ta yi rubutu, sannan ta ɗago ta dube ni, ba shi ba. Ta ce tun ranar farko ta lura in na hau matakalar nan sai na tsaya a tsakiya ina gyara mayafin da bai zame ba. Ta tambayi rabona da awon jini. Na ce ni rakiya na zo. Ta ce ta sani, masu rakiya sun fi ba ta tsoro.

A motar dawowa na gargaɗi Yaya kada maganar nan ta wuce Ƙonni. Ya ce to. Na mayar masa da gwangwaninsa babu goro, na zuba ƙwayoyinsa a ciki. Ya karɓa bai yi musu ba, har abin ya dame ni. Muka rabu a Sakkwato, ya hau ta Wurno na hau ta Rabah.

Ban gama warware gajiya ba, wata safiya ina shara na ji babura biyu sun tsaya a ƙofar gida. Maigidana ya leƙo ya ce Yaya Sanda ne a zaure, ya ƙi shigowa, ya ƙi ruwa. Na fita na tarar da shi zaune a kan tabarma, hannun da aka zura wa roba har yanzu da ɗan tabo. Ya ce ya yi magana da mai awon jini, yana jiranmu, daga nan kuma in ta kama a wuce gaba sai a wuce. Na ce lafiyata lau, kuma ai mun yi alkawari a mota. Na fara jero masa ayyukan da ke gabana, ga wanki, ga jikoki, ga tuwon rana. Ya bar ni har na ƙare.

"Mu huɗu Inna ta bari, Kulu," ya ce. "Saura ni da ke. Na zauna karɓar gaisuwa sau biyu, ba ni iya ta ukku."

Na jingine tsintsiya a bango, na shiga na ɗauko mayafina.